Man Shanu a Bakin Sandar Lokotoro

Duk al'ummar da ta karɓi mulkin kanta, wajibi ne ta san abin da ke cikin fitsarinta. Haka dai gwamnatinmu ta fahimci ƴanci a shekarun farko bayan tafiyar Faransa, domin ba a barin mutum ya riƙe alli a gaban ƴaƴan jama'a sai lokotoro, wato likita, ya duba ruwan jikinsa ya sa hannu. Ni kuwa na gama horon malanta, an ba ni aji a Tibiri, ba abin da ya rage tsakanina da a ce mini "mushe", kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, sai wannan sa hannun. A gidanmu na Dogon Dutsi ma an riga an fara kirana da sunan. Gwaggona da ta rene ni har ta sa an ɗinka mini wando biyu na kaki.

A asibitin garin akwai masu iko biyu, kuma ba sa ga maciji da juna. Na farko majo, babban ma'aikacin jinya, dattijo mai tumbi, wanda tun zamanin Nasara yake dafa fitsarin mutane a kan fitila da wani shuɗin ruwa. In ya koma ja kamar bulo, to akwai sukari. Na biyu sabon lokotoro, Bature ɗan saurayi, wanda ya zo da wani akwati da ya harhaɗa da hannunsa, yana lallaɓa shi kamar jinjiri.

Akwatin yana da batir, da allura mai kama da hannun agogo, da wata sanda kamar alƙalami. A bakin sandar an ɗaura wata fata da ta fi ɓawon albasa sirantaka. Lokotoro ya yi mini bayani da Faransancin da ake yi wa mai ilimi, abin da ya sa na yafe masa rabin laifinsa tun kafin ya aikata. Ana tsoma sandar cikin fitsari. In da sukari, sai ya ratsa fatar ya tarar da wani magani a bayanta, haɗuwarsu ta canja ƴar wutar da ke bin sandar, allura ta motsa.

Ya tsoma a nawa. Allura ta tashi ta tafi dama kamar an kira ta cin tuwo.

Ya ce in dawo bayan kwana uku a sake. In ta kuma, ba sa hannu, ba Tibiri.

"Mi ya ce?" in ji gwaggo da na koma gida, tana daka.

"Wai ina da sukari."

"Sukari? Ina ka same shi? Mu da rabonmu da shi tun sallah!"

Ta ajiye taɓarya, ta yafa zane, ta tasa ni gaba zuwa gidan majo, wanda taubashinta ne. Ko sallama ba ta gama ba ta hau shi.

"Kai bawana, kana zaune da ƙaton ciki akwati na yi ma ɗanmu ƙazahi?"

"Ke tsohuwa, rufa min asiri. Akwatin ga ko kumandan bai isa ya yi mai gardama ba."

"Da ka ce kai ne asibiti."

"Da kenan. Yanzu ni mai zubar da kwalba ne."

"Ashe ka samu aikin da ya dace da kai."

Ya yi dariya har da tari, ya dube ni, ya tambaya ko ina yawan shan ruwa. Na ce bazara ce, wa ba ya sha? Ya ce haka ne. Bai ce in kawo ya dafa a kan fitilarsa ba, ni ma ban tambayi dalili ba, domin an koya mini a lakwal, makarantar bokonmu, cewa yawan tambaya gaban manya rashin tarbiyya ne.

Washegari lokotoro ya shiga mota ya tafi Sukukutane yin lamba, wato rigakafi, hanyar da rairayi ke cinye yini guda. Ya bar wa majo wasiyya ɗaya: kada fatar nan ta bushe. Ya tsoma bakin sandar a ɗan kofi mai wani ruwa na musamman, ya tafi da natsuwar mutumin da bai taɓa yin bazara a Arewa ba. Kafin kwana biyu kofin ya bushe ƙamas.

To, a ƙasarmu ba a taron shawara a kan fatar da ke neman tsagewa. Gugan rijiya, takalmi, fatar ganga, diddigen tsohuwa, duk maganinsu ɗaya. Majo, wanda kakansa baduku ne, ya aika gida aka kawo man shanu mai kyau, ya lakato da ɗan yatsa ya shafe fatar ciki da bai, har tana sheƙi. Da lokotoro ya kusa dawowa ya goge, ya zuba ruwan randa a kofin, ya mayar da sanda.

Ranar alkawari aka tsoma. Allura ta yi zamanta. Lokotoro ya ƙwanƙwasa gilashin, ya sake tsomawa, ko gezau. Ya ba ni haƙuri da ladabi, ya ce kimiyya takan yi kure amma ita ke gyara kanta, ya sa hannu, ya buga hatimi. Na amince da shi ɗari bisa ɗari.

Na bi majo bayan ɗaki in yi masa godiya, na tarar ya tuttular da kwalbata a gindin katanga. Muna tsaye tururuwa suka fara sahu, kamar ranar kasuwa. Ya sa ƙafa ya tura ƙasa a kai.

"Tururuwan Dutsi ke nan," in ji shi. "Da bazara ko hawaye sunka samu sha sukai. Tahi ka karantar da ɗiyan mutane."

Mako guda cur akwatin bai sami sukari a jikin kowa ba, Dogon Dutsi ta zama gari mafi lafiya a Jamhuriya. Sai da lokotoro ya tsoma sandar a ruwan da ya jiƙa sukari da hannunsa, allura ta ƙi tashi, sannan ya kai ta hanci, ya ji man shanu. An ce ya daɗe yana kallon majo, majo kuma ya rantse cewa wasiyya ya cika: fata dai ba ta bushe ba. Sabuwa sai an aiko daga Faransa. Ba a aiko ba. Akwatin ya koma mazaunin butar shayi, fitilar majo ta dawo kan mulki.

Na ba da labarin nan ga malamai a Tibiri sau ba adadi, ina kwaikwayon tafiyar allura da yatsa, ana faɗuwa da dariya. Nakan rufe da ƴar huɗuba a kan girman kan kimiyyar Turai da hikimar kakanninmu, da Faransanci mai tsabta. Ko majo ya san abin da man shanu zai yi wa fatar, wannan shi da gwaggo suka tafi da amsarsa kabari.

A shekarata ta biyu na yanke jiki na faɗi a gaban allo. A Yamai aka dafa fitsarina a kan fitila, ya koma ja kamar bulo.