Baturen da Ke Cire wa Dutse Hula

A gindin dutsen Roni, Tasalla mai fura tana zaune tana kallon ikon Allah. Wani Bature ne, baƙon Di'o, ya taho da rana tsaka, jawur kamar barkono. Wandonsa na fata ko gwiwa bai kai ba, sai ka ce tela ya yi fushi ya bar aikin. Ga gashin tsuntsu a hula, ga sanda mai tsini da aka manna wa 'yan ƙarafa kamar layu.

Ya ratsa ta gaban dattawan da ke ƙarƙashin tsamiya, ko kallo ba su ishe shi ba, balle sannu.

"Me ya ɓace masa a can sama?" Tasalla ta tambayi Haladu tafinta.

"Ba komai, Iya. Wai a ƙasarsu duwatsu har gajimare suke taɓawa, ƙanƙara a kansu. Takanas ake zuwa a hau, a kalli ƙasa, a sauko. Kowane ƙarfe a sandar nan dutse ne da ya hau."

Tasalla ta taɓe baki. Wannan, ta ce a ranta, bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma da wuya in yana da uwar da za ta kwaɓe shi.

Ga shi can a ƙoli yanzu. Ya cire hula, ya rusuna, sannan ƙato da gemunsa ya rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, har awaki suka watse cikin gyaɗar mutane.

"Ka gani ko, Haladu?" in ji Tasalla. "Ashe ya iya gaisuwa. Mu ne dai Allah bai yi mu duwatsu ba."