Ƙullin Baffa Mailafiya

Jama'a a matsa, a ba da hanya! Ga Sarkin Buhu, Kwamandan Tsohon Babur, mutumin da ya shekara goma sha tara yana ɗaukar ilimi a bayansa ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba: Baffa Mailafiya, ƙanin babana, masinjan wata makarantar sakandare a wani ƙauye kusa da Aujara. Ni kuwa mai wannan shela sunana Uwaisu. Na yi aji huɗu, daga nan ni da boko muka rabu lafiya.

Baffa kiwo ya tashi yana yi. Da shanun suka ragu ya samu aikin nan, amma hannunsa bai san an canja sana'a ba. Duk zangon jarrabawa yakan zo Dutse ya karɓi takardun tambayoyi daga wurin masu bugawa, ya zuba a buhu, ya ɗaure bakin da irin ƙullin da ake yi wa maruƙa a dangwali, igiyar nan da ake jera su a kai. Daga nan ya biyo gidanmu a Limawa, ya yi azahar, ya sha fura, ya kama hanya.

Autarsa Mashkura tana aji biyar a makarantar. Yarinya ce mai kai, amma lissafi ya hana ta sakat. Ta taɓa ce min in ta ga allo cike da lamba sai ta rasa ta inda za ta fara. Na ji tausayi, kuma tausayina bai cika yin shawara da hankali ba.

A zuwansa na zangon da ya wuce, da Baffa ya tada sallah, na kwance buhun, na lalubo takardar lissafi, na ɗauki hotonta, na tura wayar Inna, mahaifiyar Mashkura. Sai na mayar, na ɗaure tamau, irin yadda nake ɗaure zariyar wando.

Baffa ya fito, ya tsaya a kan buhun. Bai taɓa shi ba. Ya daɗe yana kallon igiyar kamar an musanya masa saniya a kasuwa. Ya tambaye ni wa ya zo kusa da babur. Na ce iska ce. Ya ce iskar Limawa ba ta iya ƙulli ba. Sai na faɗa masa komai, har na ƙara da cewa ai ba wanda zai sani.

"Ni na sani," ya ce.

Furar ma bai sha ba. Na roƙe shi ya yi shiru, don kowa ya san masinjan da aka buɗe wa buhu aikinsa ya ƙare, ga shi shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya. Ya buga babur ya tafi.

Inna ce ta ba ni sauran labarin. Da ya isa gida ya kira Mashkura, ya tambaye ta a hankali. Ta ce ta karanta tambaya uku kafin kunya ta kama ta, ta goge. Washegari ya ce zai je wurin shugaban makaranta. Mashkura ta sa hijabinta ta bi shi, ba wanda ya ce ta zo. A ofis ita ta fara magana, shi yana gefe riƙe da hularsa.

Aka soke takardar, malamin lissafi ya rubuta sababbin tambayoyi a allo. Mashkura ta ci arba'in da ɗaya, da ƙyar ta haye, amma ta kawo wa Baffa takardar sakamakon ya shafa ta da tafin hannu kamar goshin maraƙi. Shi kuma aka dakatar da shi wata guda. An mayar da shi, sai dai yanzu wani malami ke hawa bayan babur ɗinsa duk zuwa Dutse, yana sa masa ido. Bai taɓa yi min ƙorafi ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Makon jiya na hau mota na je har ƙauye. Na same shi a gindin bishiyar maina yana tufkar igiya. Na durƙusa na ba shi haƙuri, sannan na miƙe na karanta masa wannan rubutu tun daga Sarkin Buhu, da murya irin ta rediyo. Mashkura na bakin zaure tana danne dariya.

Na gama, na jira. Baffa bai ɗaga kai daga igiyarsa ba.

"Da kanka ka rubuta," ya ce, "ko na wani ka kwafa?"