Bangon Gilashin Ofishina

Ni mai zanen gine-gine ne, ofishina yana kan hanyar kasuwar Zuru. Shekarar da na gyara shi, bangon tsakiya ya fi tsone mini ido, wanda ya raba ɗakin jira da inda nake zane. Duhu ya yi yawa. Na sa aka rushe shi, aka kafa gilashi tun daga ƙasa har sama, aka shimfiɗa tayil fari fes. Matata ta leƙo ta ce, "Baban yara, to ina za ka riƙa cin abinci?" Na ce mata ta bar wa masu ilimin abin.

Wanda nake so ya ga wurin shi ne surukina, mahaifinta, manomi ne a Danko. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa taka ofishina ba, kuma na san a ransa zane ba sana'a ba ce. Kunya ce tsakaninmu irin ta gidanmu: ba na kallon idonsa, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, balle abinci.

Ranar kasuwa ce, da azahar. An kawo mini tuwon dawa da miyar kuɓewa daga gida. Na tuɓe riga saboda zafi, daga ni sai singileti, na naɗe ƙafa kan sabuwar kujera, na zuba hannu. Kai, na ci tuwon nan kamar wanda aka kora! Ina cikin lasar miyar da ta gangaro mini har gwiwar hannu na ɗaga kai.

Ga surukina zaune a ɗakin jira, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Babu komai tsakaninmu sai gilashin da nake taƙama da shi.

Wayyo Allah! Babu lungun da zan shiga, ni da kaina na rushe shi. Tsohon ya miƙe a hankali, ya ɗauki kujerarsa, ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango. Dattijo mai furfura, a ofishina, yana kallon fenti don in ƙarasa tuwona. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na wanke hannu, na sa riga, na fito na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yawwa. Wuri ya yi haske," in ji shi, idonsa na ƙasa.

Da matata ta je gaishe su, ta dawo da ƙunshi, ta ce Baba ne ya ce a ba ni. Labule ne mai manyan furanni ja da kore, bai dace da komai a ofishin ba. Masu kawo aiki kan tambaye ni me ya sa na rufe gilashi mai kyau haka da wannan. Sai in ce rana ce ta yi yawa.