Sallamar Dogara a Ƙofar Coci

Dogara Inuwa Jalo shi ne cikakken sunansa. Mun san juna a watan Maris na 1986, a ajin yaƙi da jahilci na Tukur-Tukur, inda na riga shi iya rubuta sunana da mako uku. Kafinta ne, Bahaushe Kirista daga wani ƙauye na yammacin Zariya. Shi da matarsa Lami suna haya a cikin Birnin Zariya, a gidan Malam Jumare mai ɗinkin manyan riguna.

Birni ya karɓi Dogara, amma Lami ta kasa sabawa. A ƙauye ita ke ba da waƙa a zumuntar mata; a nan kuwa, ranar Lahadi sai ta wuni tana kallon bango. Wata rana ta ce masa, "Maigida, in Kirsimeti ya zo ba mu da coci, ka neme ni a gidanmu."

Dogara ya hau keke ya nufi Sabon Gari. A bakin wani coci ya tsaya, ya yi abin da duk mai tarbiyya ke yi a ƙofar mutane: "Salamu alaikum!" Mai tarbar baƙi ya zaro ido, ya ruga ciki. Kafin Dogara ya ankara an ja shi gaban jama'a, ana tafi, ana gode wa Allah da Turanci, wai Musulmi ya zo shiga addini. Ya yi ta cewa tun yana goye aka yi masa baftisma, ba wanda ya saurara. A coci na biyu ma haka aka yi, su har da raɗa masa sabon suna.

Da ya ba Malam Jumare labari, sai da malamin ya yi dariya har allura ta suɓuce masa.

"Kafinta, ashe da Musulmi nake zaune ban sani ba! To, gobe ina jiranka a sahun gaba."

"Malam, bar tsokana. Matata za ta tafi."

"Kai ma da son nesa. Ka nufi wajen dutsen Kufena, ka shiga Wusasa. Kiristocin can ai Hausawa ne, har da danginmu a cikinsu."

Ranar Lahadi suka tafi, Lami a bayan keke. A bakin ƙofa Dogara ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa mai suna Larai, wadda ke jera littattafan waƙa, ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Wa alaikumus salam. Ku shigo mana, an kusa farawa. Ke 'yata, kina waƙa? Mai ba mu waƙa mura ta shaƙe ta."

Lami ta dubi mijinta, ta gyara ɗankwali, ta bi tsohuwar. Da Kirsimeti ta je ƙauye, ta kwana uku, ta dawo da turminta da tukwanenta.

Rabona da Dogara tun ranar Asabar, 9 ga Oktoba, 1993.