Takardar da Na Ɓoye Sati Uku

Ni ke dama wa Mama kunu, ni ke yi mata wanki, ni na fara jin ƙullutun nan a nononta ranar da nake shafa mata man zafi. Amma je ki coci ki ji ta cikin zumuntar mata: "Ɗiyata likita ta Sakkwato." Likitar me? Ƙanwata ko allura ba ta yi. A ɗakin bincike take, tana neman alamomin cutar kansa a tsokar marasa lafiya. Ni kuwa malamar firamare ce a Zuru, ba mai tunawa da ni sai an ga tukunya ba wuta.

Aka yanki ɗan nama daga ƙullutun aka aika gwaji. Da sakamakon ya fito, ni na karɓo. Na shiga ɗakina na buɗe kafin kowa ya gani, don na san abin da Mama za ta ce: aika wa ƙanwarki. To ni ma ai na yi boko! Kansa ce, an tabbatar. A ƙasa kuma ga wata kalma, fozitif.

Mu nan in an ce mutum fozitif ne, ciwo ɗaya ake nufi, ƙanjamau. Marigayi Baba tsohon soja ne, ya sha yawon bariki, sai na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci ni kaɗai. Na cusa takardar cikin jakar makaranta. Na ce wa kaina mutuncin Mama nake karewa. Rabi ƙarya ce. Daɗi na ji, yau ga abin da na sani wanda 'yar Sakkwato ba ta sani ba.

Kullum sai ta kira. "Yaya, ya fito?" In ce bai fito ba. Sati uku muna haka, har ta bincika ta gano an karɓa, ta hau mota ta zo.

A bayan ɗaki na miƙa mata, ina raɗa mata abin da na gano. Ta karanta, ta dube ni.

"Haba Yaya! Wannan fozitif ɗin ba ƙanjamau ba ne, alama ce a jikin ƙullutun. Tunda akwai ta, akwai ƙwayar maganin da ke bin irin wannan kansar ta hana ta girma. Shi ne kawai labari mai daɗi a takardar nan. Da ba ki ɓoye ba, da tuni an fara mata magani."

Mama ta ƙwala kira daga ɗaki, me muke ƙus-ƙus a kai? Na bi ƙanwata ciki ina jiran ta tona ni.

"Sakamako ya fito yau, Mama, kuma akwai magani. Yaya ce ta yi ta zirga-zirga har aka samo shi."

Mama ta kamo hannuna tana sa mini albarka da yarenmu C'lela, doguwa, irin wadda na shekara da shekaru ina so. Ina durƙushe ina cewa amin, zuciyata na tafasa. Ko a nan ma yarinyar nan ta fi ni.