Ƙarfe Ɗaya a Hawa na Huɗu

Anti Hasiya ta rasu. Tun ranar Asabar. Ni sai da safiyar nan na gani, ina cikin motar haya ta danfo, a gurup ɗin ofis, tsakanin sanarwar mitin da gaisuwar Litinin.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An ce jininta ne ya hau tana gida a Agege, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka yi mata sutura. Babu wanda ya kira ni, kuma ban ga laifin kowa ba. A gidansu ba a san da ni ba.

Ƙawancenmu na awa ɗaya ne a rana, lokacin hutun cin abinci.

Shekara biyu ke nan da aka canza mini wurin aiki daga Katsina zuwa Ikeja. Na baro maigida da yara biyu, na kama ɗaki a Idi-Araba. A ofis kowa yana da kirki, amma daga Turanci sai Yarabanci, ni kuwa sai in wuni bakina bai furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. A kan tebur nake cin abinci ina kallon kwamfuta. Wuyana ya ƙage, bayana ya riƙe, ga kewar gida da ba ni da wanda zan faɗa wa.

Wata rana ina neman inda zan yi azahar, na hau hawa na huɗu, na tura ƙofar ɗakin da ake jibge tsofaffin kujeru. Sai ga sakatariyar oganmu a kan wata shimfiɗar roba, ta durƙusa, goshi a ƙasa, hannuwa miƙe. Wando da riga, kai ba ko ɗankwali, ta ba gabas baya. Kullum da Yarabanci nake jin ta, don haka na saki baki na ce da kaina:

"Wannan kuma wace irin salla ce, ba hijabi ba alƙibla?"

Ko kanta ba ta ɗaga ba ta ce, "Ta 'yan Agege ce. Shigo ki rufe ƙofa, abeg."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ashe Bahaushiya ce, Hasiya sunanta, a Agege aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Yoga take yi. Ni da jin sunan na ja da baya, don na ɗauka bautar Indiyawa ce. Ta ce, "Ƙanwata, likita ne ya sa ni saboda hawan jini. Ba na kiran sunan kowa, numfashi kawai nake ƙirgawa. Yi sallarki tukuna, ni na riga ki."

Na yi sati biyu ina kallonta ta wutsiyar ido ina lazimi. Rannan na shigo na tarar da shimfiɗa biyu. Ita ta saya mini, ta nuna mini da haɓa.

Ita ta yanka mana awar nan. Minti goma alwala da salla, minti ashirin a kan shimfiɗa, sauran na abinci da hira. Ba a ci kafin a fara. Waya tana cikin jaka. Ta sa na riƙa sa wando a ƙarƙashin abaya don kada canjin kaya ya cinye mana lokaci. Idan oga ya so sa mitin ƙarfe ɗaya, tunda ita ke riƙe da jadawalinsa, sai mitin ɗin ya tsinci kansa a ƙarfe biyu, oga bai san yadda aka yi ba.

Sunayen Turanci na motsin jikin ba su dame ta ba, nata ta raɗa. Akwai miƙar mage, akwai tsayuwar zalɓe. A tsayuwar zalɓe sau nawa na faɗa kan kujerun nan, tana cewa, "Bakatsiniya, ƙafa ɗaya ma ta gagare ki, yaya za ki yi da Legas?"

Duk Litinin da biredin Agege mai ɗumi take zuwa, ta raba biyu ta ba ni babban ɓarin.

Ranar da ƙaramar 'yata ta kwanta zazzaɓi ni ina nan, muna kwance a kan shimfiɗa muna hutun ƙarshe sai kuka ya ƙwace mini. Ba ta tambaye ni ba. Ta dai ci gaba da ƙirge a hankali, ta wuce inda muke tsayawa, har sai da ta ji na yi shiru. Sannan ta ce, "Oya, tashi mu ci."

Sau da yawa ta ce in zo gidanta in ci tuwo. Kullum sai in ce cunkoson hanya, sai wani satin.

Ranar Alhamis ne ganina da ita na ƙarshe. Mun shimfiɗa ke nan ta ce, "Yau ke za ki ja."

Na ce a'a, ni ban iya ba.

"Shekara biyu kina bin muryata ido rufe, kamar mai bin liman. Ranar da na tafi hutu fa?"

Na ce, "Sai in jira ki dawo."

Ta yi dariya ta girgiza kai. "Raguwa kawai. To shaƙa."

Yau da ɗaya ta yi, ƙafafuna suka kai ni sama. Shimfiɗarta na nan a naɗe bayan kujeru, ban taɓa ba. Na yi azahar. Na baza tawa, na tsaya, na rufe ido, na ja numfashi, na ɗaga hannuwa sama yadda muke farawa.

Na tsaya a haka ina jira.

Sai da kafaɗuna suka fara zogi na gane abin da nake jira. Jira nake a ce mini in sauke. Kuma wallahi ban san me ke biyo baya ba.

Na naɗe na sauko. Saura minti arba'in a hutun, ban san yadda zan yi da su ba, shi ne na zauna nake rubuta wannan. Ban taɓa jin Legas ta yi mini faɗi irin na yau ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Anti Hasiya, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta. Yadda ta ɗebe mini kewa a garin da ba ni da kowa, kada Ka bar ta cikin kewa. Ka ba 'ya'yanta haƙurin rashinta.

Ku da kuka karanta, ba ku san ta ba, amma ina roƙonku: in kun idar da azahar gobe, ku ambaci sunanta kafin ku tashi.