Akwatuna Biyu na Oga Lazarus

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Shadawanka ya san Oga Lazarus mai lasifika, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tafiya da kai a karkace, kamar kullum ana raɗa masa magana. Tsohon soja ne. Ƙarar bindiga ta kashe masa kunnen hagu tun yana saurayi, da ya yi ritaya kuma sai ya rasa sana'ar da zai kama sai ta sauti. Ni maƙwabcinsa ne a Tirwun, na kuma sha tsokanarsa a kan haka.

Abin da aka fi saninsa da shi wasu 'yan akwatunan ƙarfe ne guda biyu, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba, masu sana'ar suna ce musu di-ai. Wayar kibod, abin kiɗan nan mai maɓallai, ake sa musu, su kai sautin wurin injin haɗa sauti komai nisa ba tare da gurnani ba. Wasu da akwati ɗaya suke aiki, a wuce wurin. Shi kuwa sai biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama.

"Alhaji Yero," in ji shi, "kibod hannu biyu ake buga shi. Hagu yana da nauyi, dama yana da zaƙi. Ka cusa su waya ɗaya, ka cuci mai bugawa."

Na ce, "To kai da kunne ɗaya, ina ka san bambanci?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce shi komai a dunƙule yake ji. Faɗin nan da mutane ke yabawa, na sautin da ke tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, bai taɓa jin sa ba. Raba wa wasu kawai yake yi. Wallahi na ji kunyar tambayata.

'Yarsa Juliana ita ke buga kibod a cocinsu. Da aka sa aurenta da wani mutumin Fatakwal, sai Lazarus ya shiga damuwa. Yarinya za ta tafi nesa, bai taɓa jin hannayenta biyu kowanne a wurinsa ba.

Ranar walimar sallama, da la'asar, a harabar coci, na ga ya yi abin da bai saba ba. Bayan ya kafa manyan lasifikun jama'a, sai ya jawo ƙanana biyu, ɗaya na ɗauke da sautin akwatin hagu ɗaya na dama, ya ɗora su a kan benci, ya zauna tsakaninsu. Ta dama ya saita ta daidai kunnensa mai lafiya. Ta hagu kuwa ya ƙara mata ƙarfi, ya cire ragar gabanta, ya ɗora tafin hannunsa a kai.

Juliana ta fara. Ina tsaye kusa da shi, na ga gashin hannunsa ya miƙe. Duk sanda ta danna ɓangaren nauyi, sai takardar da ke cikin lasifikar ta buga masa a tafin hannu, zaƙin kuma yana shiga ta kunnen dama. Kan nan da na sani a karkace shekara da shekaru, a hankali ya miƙe ya tsaya daidai. Tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa ganin mutum yana saurare da hannu ba.

Da ta gama aka yi ta tafi, shi bai motsa ba. Ta sauko da gudu da rigar amarcinta ta durƙusa gabansa.

"Baba, lafiya?"

Ya kama hannunta na hagu yana jujjuya shi, hawaye na zuba. Ya ce, "Ashe wannan ne mai ƙarfin. Yau na ji shi."